Madam ta kunyata ni gaban ɗalibai saboda waya: in sayi majigi ko in haƙura?

Gwaggo, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a makarantar horar da malamai a nan Maradi, ina shekarar ƙarshe. An tura mu gwajin koyarwa, aka ba ni ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, mai yara 84. Ranar da zan yi darasin yadda ruwan sama ke samuwa, na kwana ina neman bidiyo har na samu mai kyau na sauke a wayata. Ina ɗaga wayar sai aji ya rikice. Na baya suka hau tebur, na gaba suka danne juna, wata yarinya ta fashe da kuka an taka mata ƙafa. Madam mai ajin ta karɓe allin daga hannuna, ta ce a gaban yara, "Nan lakwal ce, ba gidan kallo ba." Maki kaɗan ta ba ni, kuma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata mai zuwa zan ɗauki adashe, jika 60, ina so in sayi ƙaramin majigi don kowa ya riƙa gani. Ƙawayena sun ce in daina wahalar da kaina, su ChatGPT ke rubuta musu shirin darasi su kwafe. Yayana kuma ya ce ƙauye za a tura ni inda ko wuta babu, in manta da zancen zamani. Ni dai ba na son in zama malamar "ku maimaita bayana" har in tsufa. Me zan yi?

Ɗiyarki, daga unguwar Zariya

Ɗiyata,

Kada ki sayi majigin nan. Na fara da shi ne saboda kuɗin adashe ba ya kwana biyu a hannu. Majigin da jika 60 za ta saya haskensa ba shi da ƙarfi, sai cikin duhu yake fitar da hoto sosai, azuzuwanmu kuwa rana ce ke shiga ta ko'ina. In kin ce a rufe tagogin ƙarfe don a samu duhu, ki tuna Afrilu da Mayu a Maradi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga yara 84 a ɗaki ɗaya. Ba a minti goma sai kin buɗe da kanki. Ga ƙurar hunturu da ke toshe masa hanyar iska, ga batun wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, da Nijeriya ta yanke layin da ke kawo wa ƙasar nan mafi yawan lantarkinta, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. In kuma ajin zana aka ba ki, batir da wayoyin lantarki ba abin jinginawa da kara ba ne. Mutanen garin nan sun san abin da wuta ke yi wa ajin zana tun gobarar watan Nuwamba na 2021 da ta ci yara sama da 20. Ki sayi ƴar lasifika ko rediyon nan mai cin katin memori, da batirin cajin waya, da alli mai launi, da allunan hannu goma na yaran da ba su da su. Sauran kuɗin ki ɓoye na mota da katifa ranar da takardar turi ta fito.

Abin da Madam ta yi miki bai dace ba. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san ba a gyara wa malami a gaban ɗalibansa, ko da ɗan koyo ne. Ana bari a tashi, a ja shi gefe. Amma ki raba yadda ta faɗa da abin da ta gani. Ta ga aji ya kuɓuce, yarinya na kuka, kuma ita ce za ta tsaya gaban uwar yarinyar in ta zo da yamma. Ke za ki gama gwajinki ki tafi, ita za a bari da yaran har ƙarshen shekara.

Yanzu ga tambayar da nake so ki zauna da ita. Da a ce duk su 84 sun ga bidiyon nan tsaf, babu turereniya, me za su iya yi da rana wanda ba su iya ba da safe? Na ji daɗi da kika ce ba ki son zama malamar "ku maimaita bayana". Sai dai yaron da ya saki baki yana kallon waya da wanda ke maimaita abin da bai gane ba, dukansu a zaune suke, wani ne ke aikin. Ke kika kwana kina nema, ke kika zaɓa, ke kika sauke. Duk dabarar ta ƙare a kanki, ba a rage wa yaran komai ba. Ni ma'aunina a aji shi ne abin da ya fito daga hannun yaro da bakinsa: me ya zana, me ya rubuta, me ya ƙirga, wace tambaya ya yi da ba ke kika sa masa a baki ba.

Bari in sake miki darasin ruwan nan. Da safe kafin a shiga aji, ki ba yara biyu farar leda mai shara-shara su ɗaure ta a reshen dogon yaro mai ganye, wanda rana ke bugu. Ki zuba rabin kofin ruwa a kan siminti, wani yaro ya zagaye bakin ruwan da alli. Ki tambaye su me suke tsammani zai faru, kowa ya zana a allonsa, kada ki ce wa kowa ya yi daidai ko ya yi kuskure. In an fito hutun hantsi su je su duba. Da'irar alli na nan, ruwa babu. Leda kuma ta yi gumi daga ciki, ɗigo-ɗigo. Ki aika a sayo ƙanƙara ta dala goma a sa a kwanon silba, su shafa bayan kwanon su ji ya jiƙe alhali ba ya yoyo. Daga nan tambaya ta koma bakinsu. Wani zai ce rana ce ta sha ruwan, wani zai rantse siminti ne ya shanye. Ki bar su su yi gardama, ki ce wa mai siminti gobe ya zo da farantin gidansu a gwada a kai. Sai bayan wannan bidiyonki ke da wurin zama, don akwai abin da farfajiyar lakwal ba za ta iya nuna musu ba: teku, da yadda gajimare ke tasowa daga kansa, iskar damina ta koro shi daga kudu maso yamma har ya iso kanmu. Da yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Madarunfa girma ba. Minti ɗaya da rabi ya isa. Ki riƙa kiran su layi-layi, takwas ko goma, su tsugunna gaban teburinki su kalla, sauran na zanen abin da suka gano a waje. In muryar bidiyon Faransanci ne mai gudu irin na mutanen Faransa, ki kashe ta ki yi bayani da bakinki.

Yayanki da Madam suna magana kamar zancen na'ura a aji baƙon abu ne a ƙasar nan, alhali Nijar ta riga ƙasashe da yawa gwada shi. Tun 1964 aka fara talabijin ɗin makaranta da taimakon Faransa. Ana shirya darussa a Yamai, ana haska su a wasu azuzuwa, yara na koyon Faransanci da lissafi daga akwati, mai kula da aji na biye da su. An yaba da yadda yaran ke magana, amma abin bai taɓa kai wa ga yawancin ƴaƴan ƙasa ba, ga tsada ga wahalar gyara, kuma a ƙarshen shekarun 1970 gidan ya rikiɗe ya zama Télé Sahel da muke kallo. A waje ma an yi. A 2005 aka fito da shirin ba kowane yaro kwamfutar dala 100 ta Amurka, ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwa. Da aka bincika makarantu 319 na karkararta, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma karatunsu da lissafinsu suna nan inda suke. Wanda ya fi burge ni a gida aka yi shi. A 2009 da 2010, a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram, an yi wani shirin yaƙi da jahilci na manya mai suna ABC, inda aka ƙara wa wasu azuzuwan koyon aiki da ƙaramar waya mai madannai, ba mai shafawa ba. Waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Malaminsu na nan, allonsu na nan, wayar ta ba su dalilin yin rubutu bayan an tashi, su aika wa ɗa saƙo ko su tambayi farashin gero. Na'urar da ta fi arha ita ta fi amfani, don a hannun mai koyo take, shi ke dannawa.

A ajinki ma akwai abin da ke hannun mai koyo, kuma na san an koya miki aiki da shi: allon hannu. Ki faɗi tambaya, ki buga tebur su rubuta, ki sake bugawa su ɗaga. Cikin daƙiƙa biyar kin ga amsa 84, kin san layin taga bai gane aro a ɗebewa ba, kin san yaron can na lungu ya juya 6 ta zama 9. A ƙasashen masu kuɗi manhaja ake saye don malami ya samu wannan labarin. Ƴan koyo na raina allon hannu don tsoho ne, ni kuwa da shi nake gane malamar da ta iya aiki. Wata ta ce a ɗaga, ta ce "madalla", ta wuce. Wata ta tsaya ta karanta allunan, ta canza abin da ta yi niyyar yi a minti goma masu zuwa.

Ga wani abu kuma da babu manhajar da ta san shi. Ki kira yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli bayan an tashi, ki ce kin sayi na dala talatin da biyar kin ba ta dala ɗari, nawa ne canjinki. Kafin ki rufe baki ta ce sittin da biyar. Ki rubuta mata 500 a ɗebe 175 a babban allo, ta tsaya tana kallon ki kamar ba ta taɓa ganin lamba ba. Lissafi ɗaya ne. Yarinyar ta iya, ba a dai taɓa nuna mata cewa dalar kasuwa da lambar allo abu guda ne da aka ninka sau biyar ba. Ki kafa kanti a lungun aji da gwangwanayen tumatir da kwalayen ashana, ku yanka kuɗi da kwali, a rubuta 25 da 50 da 100 da 500 a kai. Mai saye ya faɗi farashi da dala, mai kanti ya rubuta da lamba a allonsa, aji ya duba ko an cuci wani. Za ki ga yaran da ake cewa daƙiƙai sun zama su ake tambaya. A nan nake ganin hikimar malama, kuma ko mega ɗaya ba ta ci.

Ina matsa miki a kan karatu da lissafi ne saboda a nan ciwon yake. Gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a Nijar ko yaro 1 cikin 10 na ƙarshen firamare bai kai matakin karatun da ake so ba. A na 2019 an matsa zuwa wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma ki ƙirga sauran bakwai ɗin a ajinki na CE2. Duk dabarar da za ki kawo, in ba ta taɓa su ba, ado ce kawai.

A aji mai yawa murya ta fi hoto kai wa ga kowa, shi ya sa na ce ki sayi lasifika. Na lungu na ji kamar na gaba, ba wanda zai hau tebur. Ki ɗauki muryar yaro yana karanta jimla uku yau, ki sake ɗauka bayan wata guda, ki sa masa su biyun ya ji da kunnensa. Ki je wurin wata tsohuwa a unguwa ki ɗauko tatsuniya, ki tsayar da ita a tsakiya, kowane layi ya ƙirƙiro yadda za ta ƙare kafin a ji na tsohuwar. A darasin tarihi ki nemi dattijon da ya ji daga bakin iyayensa yadda Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945 har Maradi ta hau tudu, ko mai ba da labarin yadda Katsinawa suka kafa sarautarsu a nan zamanin Ɗan Kasawa. Ki fi haka ma: yaran su tsara tambayoyin da za a yi wa dattijon, ke ki zama mai riƙe waya kawai. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, amma littattafan yara na Hausa ba su cika azuzuwanmu ba. To ajinki ya rubuta nasa. Su faɗi labari, su rubuta, masu hannun zane su zana, ki ɗinke da zare. Ki ɗauki hoton shafukan ki tura wa abokan aiki, in an haɗu a taron CAPED na ƙara wa juna sani tsakanin malamai a yi musaya ta manhajar Xender ba tare da an ƙona mega ba. Ki kuma saka madannan Hausa a wayarki don ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su fito daidai, kada yara su koyi rubutu gurgu daga hannunki.

Batun ƙawayenki da ChatGPT, ba zan ce ki guje shi ba. Tun da ya fito a ƙarshen 2022 malamai ko'ina ke aiki da shi. Amma ki san yadda yake: daga tarin rubutun da aka ciyar da shi yake haɗa magana, kuma rubutu a kan manhajar karatun Nijar da rayuwar yaron Maradi kaɗan ne a cikin tarin. Ki ce ya ba ki lissafin kasuwa, sai ya kawo miki tuffa da kuɗin Turai. Ki tambaye shi tarihin Tibiri, yana iya shirya miki ƙarya da murya mai daɗi ba tare da ya yi ko tari ba. Ki sa shi aikin ƙarfi, ya jero miki lissafin ɗebewa 20 ki bi su ɗaya-ɗaya ki duba, ya bayyana miki abin da ke kanki bai zauna miki ba, ya gyara miki Faransancin wasiƙa. Shirin darasi kuwa ki rubuta da kanki, don ke kika san Madam ta tsaya a shafi kaza jiya, ke kika san rabin aji azumi ko zazzaɓi ya kwantar. Ranar da sufeto ya zauna a bayan aji ya ce, "Me ya sa kika fara da wannan misalin?", mai kwafe ba ta da amsa, kuma tsofaffin sufetoci daga layin farko suke gane shirin da ba mai shi ya rubuta ba.

Yayanki ya yi gaskiya rabi. Mai yiwuwa ne a tura ki wani ƙauye a Dakoro ko Mayahi inda sai kin hau tudu waya ke kamawa. Amma yanzu da wuya ki samu kasuwar ƙauye babu mai caji da farantin sola. Ki riƙa cika memori in kin shigo gari: hotuna, taswira, sautin haruffa, gajerun bidiyo. Akwai manhajar Kiwix da ke ajiye Wikipedia a cikin waya a karanta babu intanet. Kuma ƙauye ya fi birni kayan darasi. Jihar nan ce aka sani a duniya da sassaben zamani, inda tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare, har gonakin da suka zama fili suka sake yin itace. Ki fita da yara su ƙirga gawo a gona ɗaya, su auna kaurinsa da igiya, su tambayi mai gonar me ya sa geron gindin gawo ya fi kyau. Ki ɗauki hoton bishiyar a rani da damina su ga da idonsu cewa ita da damina take zubar da ganye. Kafin ki yi irin wannan fitar ki sanar da darakta da ƴan COGES, wato kwamitin kula da makaranta, don iyaye su ji daga bakinsu tun kafin a ce sabuwar malama yawo take da yara.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: kada fuskar ɗan wani ta hau Facebook ko TikTok daga wayarki, ko da darasin ya yi kyau har kina son duniya ta gani. Ki ɗauki allo, ki ɗauki hannu, ki ɗauki zane. Kuma in kin shiga aji ki rufe intanet ɗin wayar. Malamai da yawa da ke cewa suna koyarwa da waya WhatsApp suke dubawa, kuma mai yiwuwa irinsu Madam ta gani har ta tsani abin.

Saura ke da ita. Kada ki jira ta neme ki, ke ce ƙarama. Ki same ta bayan an tashi, ba a gaban sauran malamai ba, ki gaishe ta da kyau, ki ce, "Madam, ranar nan aji ya kuɓuce mini. Ina so ki nuna mini yadda kike raba su layi-layi ba tare da hayaniya ba." Ba sai kin ce wayar laifi ce ba, ba sai kin kare ta ba. Malamar da ta shekara da shekaru tana riƙe yara 80 tana da dabarun da ba a rubuta a ko'ina ba, kuma da wuya a tambaye ta ta hana. In kin ga fuska, ki miƙa mata sabon shirin darasin ruwan a rubuce, da leda da ƙanƙara da komai, ki nuna mata inda minti ɗaya da rabi na bidiyo ya shiga, ki roƙe ta ta riƙe sauran aji lokacin da layi ɗaya ke kallo. In ta ce ba ta son ganin waya a ajinta, ki ce to. Ajinta ne, kuma darasin na tsayawa da ƙafarsa ko babu bidiyon, sai ki zana teku da alli mai launi. Ki nemi ta sake zama ta duba ki ta rubuta abin da ta gani. In bayan wannan makin farko ne kaɗai ya tafi makarantarku, ki kai shirin darussan biyu wurin malamin da ke kula da gwajinku, ki ba shi labari yadda ya faru ba tare da kin zagi kowa ba, ki roƙi ya zo da kansa ya kalli darasi ɗaya.

Gwaggonki